Tambaya da Amsa: An Kira Mu Zaman Madatsar Ruwa, Me Za Mu Je Mu Ce?

Wasiƙu uku na zaɓa a wannan fitowa, kuma duk kan abu guda suke, wato zaman da ake kiran jama'a kafin a fara babban aiki a yankinsu. Ta farko za ta ci mana wuri, sai ku yi haƙuri.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni kansila ne, mazaɓata ƙauyuka ne na bakin kogi. Makon jiya Ciyaman ya miƙo mini wata takarda da Turanci, wai masu binciken muhalli za su zo sakatariya su zauna da masu ruwa da tsaki a kan madatsar ruwa da aikin noman rani da za a yi mana. An ce zaman na shata iyakar bincike ne. Ciyaman ya ce in zo da mutum biyar, kuma kada in kwaso masa masu surutu. Mu dai muna son aikin, don da an gama girbi samarinmu ke watsewa ci-rani. To me ake yi a irin wannan zama? Wa zan ɗauka? Kuma in mun yi magana, ba za a ce muna adawa da ci gaba ba?
Daga wani Kansila

AMSA: Wa'alaikumus salam, ranka ya daɗe. Bari in fara da abin da zaman yake, don sunansa ne ke ruɗa mutane.

Doka ta ce kafin a sa fatanya a babban aiki, sai an binciki abin da zai jawo wa ƙasa da ruwa da mutanen da ke ci daga gare su. Ita ce doka mai lamba 86 ta 1992, wadda ma'aikata ke kira dokar EIA. Ba haka kawai aka wayi gari da ita ba. A 1988 aka gano gangunan guba da aka kwaso daga Italiya aka jibge a garin Koko, wanda yanzu yake jihar Delta, kuma wannan abin kunyar ne ya farkar da gwamnati. Yau Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ke riƙe da dokar. A jadawalinta an ambaci madatsar da faɗin ruwanta ya kai hekta 200, da aikin ban-ruwa da ya kai hekta 5,000, da shirin noma da zai tashi iyalai 100 ko fiye. Irin waɗannan babu zancen tsallake bincike.

To shi binciken ba tashi ake yi kawai a faɗa daji da kwalabe ba. Sai an fara rubuta jerin tambayoyin da zai amsa: daga ina zuwa ina za a duba, me za a auna, su wa za a ƙirga, a wane lokaci na shekara. Wannan jerin ake kai wa ma'aikata ta amince, kuma a kansa ake yanke wa masu binciken kuɗin aiki. Zaman da aka kira ka, na rubuta jerin ne. Abin da ya shiga, za a turo mutum da mota da abin awo ya je ya gani. Abin da bai shiga ba, babu wanda aka biya ya je ya duba shi, kuma ranar da aka zo lissafin diyya, za a buɗa takarda a ce ai babu shi.

Na yi shekaru ina cikin masu zuwa da taswirar nan, don haka bari in ba ka labarin yadda muka kusa yin ɓarna da hannunmu. Cikin watan Maris ne, a wata sakatariya da ba zan ambata ba. Zaure ya cika: Ciyaman, daraktan mulki, shugaban sashen noma, hakimi da dagatansa, limamai biyu. Janareto na ta tari, majigi na haska taswira a bango, rabinta kan labule. Gaishe-gaishe da jawabin maraba suka cinye fiye da rabin lokaci. Da muka ce ko akwai mai tambaya, wani ya roƙi a ɗauki 'ya'yansu aiki, wani ya roƙi rijiyar burtsatse, aka yi tafi, aka yi addu'a, aka raba lemo. Mun fito muna murna an yi zama lafiya.

A gindin darbejiyar da muka ajiye mota, sai na tarar da direbanmu yana hira da wani dattijon Bafulatani, malafa a ka, sanda a kafaɗa. Kasuwa ya zo, ya ga motoci, ya tsaya tambaya. Direba ya ce, "Oga, nuna wa Baba hoton nan mana." Na gaji, amma na shimfiɗa taswirar a goshin mota. Bai san taswira ba, sai ya ce in nuna masa kukar nan mai kogo ta bayan tsohuwar maƙabarta. Na lalubo ta. Ya ɗora yatsa, ya ja shi a hankali zuwa gabas, ya ratsa tsakiyar wani fili da muka shafa wa rawaya muka rubuta cewa ba a amfani da shi. Ya ce, "Nan ai burtalinmu ne. Nan kuma tafki ne, shanu na sha har bayan kaka." Mu a Maris muka zo, hoton tauraron ɗan'adam da muka yi aiki da shi na rani ne, garkunan duk sun yi kudu. A cikin zauren nan babu wanda ya yi mana ƙarya. Ba wanda ke kora shanu a cikinsu, shi ke nan. A bayan takardar sunayen mahalarta na rubuta maganarsa, ta shiga jerin, shugabana ya yi ta gunaguni don ta jawo mana wata tafiya a Agusta. Da muka koma, ruwan tafkin har gwiwa, sawun shanu ko'ina. A ƙarshe sai da aka bar musu mashiga a kan magudanar. Har yau in na tuna surutun direba ne ya fitar da mu ba digirinmu ba, sai in ji kunya.

Saboda haka maganar mutum biyar, fara tambayar wanda ya yanke adadin. Sau da yawa ba masu binciken ba ne, lissafin kujeru ne da ambulan ɗin kuɗin mota. In an tsaya a kan biyar ɗin, to hakimi da dagatai da nasu goron gayyatar, kada ka ɓata kujerarka a kansu. Ka nemi waɗanda in ba kai ka kawo su ba, ba mai tunawa da su. Arɗo na farko, ka ji dalili. Burtali da mashaya ba su da katanga ba su da shuka, sai wanda ke bin su ya san da su, alhali tun 1965 Jihar Arewa ta yi dokar keɓe makiyaya. Sai Sarkin Ruwa, don shi zai faɗi watan da kifi ke hawowa ya yi ƙwai a fadama. Sai mace, ba matar wani babba da za ta zauna a baya ta yi shiru ba, wadda ke shiga daji da kanta ɗebo kalwa ko itace.

Na huɗu, manomin da ke noma gonar da ba tasa ba, ta aro ko jingina ko haya. A nan ake yawan cutar mutane ba tare da kowa ya yi niyya ba. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ba ƙasar kanta take biya ba, abin da aka yi a kanta take biya: gini, shuka, itatuwa, rijiya. In ma'aikacin ƙirga ya zo ya tambayi dagaci gonar wane ce wannan, sunan mai gado zai ji, wanda wataƙila yana Legas shekara goma. Wanda ya zuba taki, ya haƙa rijiyar ban-ruwa, yake ciyar da gidansa daga wurin, ba zai fito a takarda ba sai in tun farko an rubuta cewa a ƙirga masu noma dabam, masu gona dabam.

Na biyar shi ne wanda na fi so ka ji da kyau, kuma mai yiwuwa ba ɗan mazaɓarka ba ne: mutumin gangaren kogi, can ƙasa da inda za a datse. Masu zane sukan ja da'ira kewaye da madatsar da filin ban-ruwa su ce nan ne yankin aiki. Ruwa kuwa bai san da'ira ba. Dubi Bakolori, a kan kogin Sakkwato kusa da Talatar Mafara, wadda aka kammala a 1978. Abin da aka fi tunawa shi ne rikicin diyya, lokacin da manoman da aka hana noma suka tare hanyoyin aiki, har 'yan sanda suka buɗe musu wuta a Afrilun 1980 aka rasa rayuka da yawa. Amma akwai wata asarar da ba ta yi ƙara ba. Ambaliyar da ke shayar da fadamun ƙasa da madatsar ta ragu, masu shinkafa da masunta na can suka ga abincinsu na ja da baya, kuma su ba a taɓa ƙirga su cikin waɗanda aikin ya shafa ba. Haka madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992. A jihar Kano aka gina su, amma dausayin Haɗeja da Nguru ne ya ji a jikinsa: ambaliya ta ragu, ruwan da ake saki rani da damina ya ba ciyawar kacala wurin zama ta toshe hanyoyin ruwa, jan-baki ya samu masauki a cikinta yana sauka kan gero da shinkafa. Wannan ruwan shi ke wucewa Gashuwa da Gaidam, ya bi iyakar Nijar wajen Diffa kafin ya kai tafkin Chadi. Lokacin da aka gina Tiga da Bakolori babu dokar da ta tilasta a tambayi kowa. Ku kuna da ita. Ka miƙe ka ce a faɗa muku iyakar binciken ta gangare, kilomita nawa ne, kuma wane ƙauye ne na ƙarshe a ciki. In ƙaramar hukumar da ke ƙasa da ku ba a gayyace ta ba, ka ce a gayyace ta. Yau ku ne a sama, wata rana wani zai datse sama da ku.

Wani abu kuma da nake so ka raɗa wa Ciyaman cikin ladabi: ƙaramar hukuma ba mai masaukin baƙi ba ce kawai a wannan zama, da za ta ba da zaure da kujeru ta koma gefe. Jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya ɗora mata kula da maƙabartu da kasuwanni da mayanka da ƙananan hanyoyi, da hannu a makarantun firamare da kiwon lafiya. Dokar 1978 kuma ita ta ba wa ikon bayar da izinin riƙe ƙasar karkara, har hekta 500 don noma, 5,000 don kiwo. In ruwa ya yanke hanyar kasuwa, harajinta ne zai faɗi. In tsargiya ta kama yaran da ke wanka a magudana, ko sauro ya ƙaru saboda ruwa kwance, ɗakin shan maganinta za a cika. To shugaban sashen lafiya ya zo da rajistar marasa lafiya ta shekarun baya, na ayyuka ya zo da jerin hanyoyi da kwalbatoci, na noma ya zo da abin da ya sani na burtali da gandun daji. Na sha ganin shugabannin sassa sun zo da babbar riga kawai, babu ko fallen takarda.

Yanzu tsoronka na a ce kuna adawa. Maganin wannan yana cikin yadda aka furta magana. Kada ka ce ba mu yarda ba, don ba ranar yarda ko ƙi ba ce. Kada kuma ka ce muna roƙo. Ka ce, "Muna so a auna zurfin rijiyoyin ƙauye kaza kafin a fara, a rubuta." "Muna so a zo a ga fadama a watan Agusta." A bisa al'ada ana ɗaukar bayanai a rani da damina, amma mai gaggawa yakan nemi a yafe masa ɗaya, to ku ce ba ku yafe ba. Ka tambayi wane wuri aka duba ban da wannan, da dalilin da ya sa aka bar shi, don binciken dole ya kawo zaɓi fiye da ɗaya. A wannan matakin layin da ke kan taswira da fensir yake. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In aka kafa turaku aka ba ɗan kwangila kuɗin somin-taɓi, gusar da layin nan ko da taku ɗari ne sai an kai ruwa rana.

Maganar ɗaukar yara aiki da burtsatse ba laifi ba ce, amma a bar ta ƙarshe. Masu aiki na son ta, don alkawarinta ba wuya, kuma tana cinye lokacin da ya kamata a yi tambayoyi masu tsada.

Ku zauna a gida tun kafin ranar, ku rubuta abubuwanku a takarda kwafi biyu, da Hausa ma ya isa. Ku miƙa ɗaya, a buga muku hatimin karɓa da kwanan wata a kan ɗayar. Ku nemi a yi bayani da Hausa, da Fulatanci in da buƙata. Kafin liman ya ɗaga hannu, ka nemi a karanto abin da magatakarda ya rubuta kowa ya ji. Za a ɗan ɓata rai don ana jin yunwa. Ka daure.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Mu mata ne masu sana'ar daddawa. An kira mu wani taro a makarantar firamare kan hanyar da za a fitar ta bayan gari, aka zagayo da takarda muka dangwala, aka ba kowa naira dubu biyu da lemo. Yanzu ana ta yi mana gori wai mun sayar da gonakin gari. Ɗorawar da muke ɗiban kalwa duk a wajen take. Da gaske mun sayar?
Daga wata Uwar Ƙungiya

AMSA: Hajiya, ki kwantar da hankalinki, ki kuma kwantar da na sauran. Takardar halartar taro ba ta sayar da gona. Karɓar ƙasa don amfanin jama'a yana da hanyarsa a doka, da sanarwa daga hukuma, da ƙirga abin da ke kai, da diyya. Dubu biyun nan kuɗin mota ne, ba kuɗin ƙasa ba.

Sai dai kada in ɓoye miki amfanin da ake yi da takardar. Za a liƙa ta a bayan rahoto, tare da hotonku kuna zaune, a matsayin shaidar cewa an tuntuɓi mata. In ba ku ce komai ba a wurin, abin da mai karatu a Abuja zai fahimta shi ne an tambaye ku, kuma ba ku da damuwa. Wannan ne abin gyarawa. Ku sa a rubuta muku wasiƙa zuwa ga masu binciken ta hannun kansilanku, ku ce kuna neman zama na mata zalla, mace ta jagoranta, a lokacin da ba na girki ba. Na zauna a taruka da yawa inda mata suka yi tsit don surukansu na zaune a gaba, amma da aka koma cikin gida aka shimfiɗa tabarma, sai ga bayanin da babu namijin da ya sani. In kuɗin aikin na Bankin Duniya ne, ƙa'idojinsa da suka fara aiki a 2018 sun wajabta tsarin tuntuɓar jama'a da wurin kai koke, sai ku tambayi inda yake da wanda ke riƙe da littafinsa.

Batun ɗorawa kuwa, ga inda gizo ke saƙar. Diyyar itace sau ɗaya ake biya, kuma mai gona ake ba. Ku da kuke sayen kalwar ko ɗibanta duk shekara, ba ku da suna a wannan lissafi. Ku faɗi buhu nawa kuke sarrafawa a shekara da abin da yake kawo muku, ku ce a rubuta shi a matsayin sana'ar da za ta taɓu. Nan gaba kuma, duk takardar da samanta ba rubutu, ko ba a karanta muku kanta ba, kada yatsa ya hau ta.

TAMBAYA: Malam, ni ma'aikacin duba-gari ne a ƙaramar hukuma. Bara an yi irin wannan zama a wurinmu, mun faɗi abubuwa da yawa. Tun daga nan shiru, har Ciyaman ɗin ya sauka wani ya hau. Ta yaya za mu san ko an saka maganarmu?
Daga wani Duba-gari

AMSA: Ƙanena, je ka leƙa ofishin sakatare ko na daraktan mulki, ka duba ko akwai wani ƙaton littafi mai bangon roba a kan kabad, ko kwali da ba a buɗe ba. Ba wasa nake ba. In an gama bincike, ana baje daftarin rahoton na kwanakin aiki 21 don jama'a su karanta, a sakatariyar ƙaramar hukumar da abin ya shafa, da ma'aikatar muhalli ta jiha, da ta tarayya, tare da sanarwa a jarida da rediyo. Na taɓa zuwa karɓar ra'ayoyin jama'a a wata sakatariya na tarar da namu kwafin an tokare taga da shi.

In ka same shi, kada kaurinsa ya tsorata ka. Karanta taƙaitawar da ke farko, sannan ka tsallaka can baya inda aka liƙa bayanin zamanku na bara. Ka ɗauko abin da kuka faɗa ɗaya bayan ɗaya, ka nemi inda aka amsa shi a cikin rahoton. Wanda ba ka gani ba, ka rubuta wa Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya kafin wa'adin ya cika, ka ambaci shafi. Bayan bajewar akan yi zaman kwamitin masana, sau da yawa a jihar da aikin yake, kuma ƙaramar hukuma na da kujera a wurin, sai ka tabbata sabon Ciyaman ya san da ita. In kuwa an ce maka babu rahoto ko an wuce wurin, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ka damar neman kwafi a rubuce daga ma'aikatar, kuma kwana 7 ta ba su su amsa.

Ciyaman na zuwa ya tafi, kai kana nan har fansho. Buɗe fayil guda a ofishinka, ka sa takardar gayyatar bara, da abin da kuka miƙa, da sunan kamfanin da ya yi binciken da lambar wanda ya jagorance su. Ka yi kwafi ɗaya ka kai wa magatakardan hakimi ya ajiye.